Bulala kusa da kwanon tuwo: tilasta wa yaro ci yana yi masa illa a tunani?

Maman_Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya, kuma a taimake ni da amsa ba da zagi ba, don ni ma abin ya ishe ni. 'Yata tana da shekara huɗu da wata uku. Tun da aka yaye ta cin abinci ya koma yaƙi a gidanmu. In na zuba mata tuwo sai ta yi loma biyu ta ture kwanon. Hajiya, mahaifiyar maigidana, gida ɗaya muke, ta ce sangarta ce kawai, a dinga ajiye tsumagiya kusa da kwano. Haka muke yi kusan shekara guda, ni da cokali, Hajiya da tsumagiya. Tana cinyewa kam, amma cikin kuka, wani lokacin ta amayar da shi duka. Abin da ya tayar min da hankali shi ne makon jiya na same ta a bayan ƙofa ta matse 'yar tsanarta a tsakanin cinyoyi, tana ɗebo ƙasa da murfin kwalba tana tura mata a baki, tana cewa "haɗiye ko in zane ki, haɗiye na ce!" Wallahi da muryata sak, har da yadda nake zare ido. Yanzu kuma da ta ji ƙarar kwanuka sai ta ce cikinta na ciwo. Fitsarin kwance da ta daina tun tana shekara uku ya dawo. Shin yadda muke ciyar da ita ne yake taɓa mata tunani, ko ni ce nake zurfafa abin?

Gwaggon_Yara: Wa alaikumus salam. 'Yar nan, kwantar da hankalinki. Mu da ɗura aka raine mu. Inna ta kan kwantar da jariri a cinya, ta tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ta toshe hancin da yatsa, yana kuka yana haɗiya har ƙoƙon ya ƙare. Da haka na raini bakwai, biyar na aurar, babu wanda ya haukace. Yaro bai san abin da zai amfane shi ba, in kika biye masa sai ya kwana da yunwa. Surukarki ta fi ki sanin yaro.

Baban_Sadik: Gwaggo ta gama magana. Wannan duk iyayin zamani ne. Mutane na neman abin da za su sa a tukunya tun da aka cire tallafin mai a 2023, wasu kuma suna muhawara a kan ko yaro yana son tuwo. Ki bar ta da yunwa wuni ɗaya ki ga in ba ta lashe kwanon ba.

Uwar_Biyu_Zariya: @Baban_Sadik ai ba ta ce abinci ya yi musu yawa ba, tambaya ta yi a kan 'yarta. In ba ka da amsa ka wuce mana. Maman Ummi, labarin 'yar tsanar nan ya sa na yi shiru na daɗe. Nawa ma haka suke maimaita duk abin da na faɗa.

Nas_Ɗakin_Yara: Gwaggo, ki yi haƙuri zan saɓa miki a kan ɗura, don ni nake karɓar waɗanda ta ritsa da su. Yaron da aka toshe wa hanci yana kuka, numfashi yake nema, to a daidai lokacin da ya ja iska kunun yake bi ta maƙogwaron numfashi ya sauka huhu. Wani nan take zai shiɗe, wani sai bayan kwana biyu a kawo shi da zazzaɓi da numfashi sama-sama, a ce sanyi ne ya kama shi, alhali nimoniya ce ta kunun da ya shiga huhu. Waɗanda suka tsira su ne suke ba da labari yau.

Maman Ummi, naki ba ɗura ba ne amma 'yar uwarta ce. Kafin komai ki kai ta asibiti a ɗora ta a sikeli a gwada tsawonta, a duba jini, a duba fitsari. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, dole a fara tabbatar da ba ciwon mafitsara ba ne, ko taurin bayan gida, ko tsutsar ciki. Ƙarancin jini kansa yana kashe sha'awar abinci, ya sa yaro ƙunci da kasala. In an duba duk babu, to fargaba ma tana kawo shi, kuma ciwon cikin da yake zuwa daidai lokacin abinci abu ne da muke gani. Sannan ki sani, jariri yana ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku kafin ya cika shekara, amma daga nan girma yake lafawa, kilo biyu ko kusa da haka a shekara. Shi ya sa uwa take ganin kamar ci ya ragu. Jikin ne ya rage nema.

Hajjaju_Gwale: To wai ni ban gane ba, ana nufin yarinyar za ta samu taɓin hankali ne saboda tuwo? A'uzubillahi. Ku daina jawo wa 'yar mutane.

Nas_Ɗakin_Yara: A'a Hajiya, babu wanda ya ce haka. Matsalarmu ke nan, da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Yaron da kullum yake cikin tsoro, ko ba ya barci sosai, ko ya daina wasa, ko ya zama mai saurin firgita, shi ma ba shi da cikakkiyar lafiya ko da jikinsa ɓul-ɓul yake.

Ɗalibar_Halayya: Bari in sa baki da ɗan abin da muka karanta. An yi wata farfesa a Amurka, Leann Birch, ta shafe shekaru tana nazarin cin abincin yara. Ita da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2006: yara 'yan rainon makaranta aka dinga ba miya iri biyu, ɗaya a dinga ce musu su cinye, ɗayar a ƙyale su. Ba duka, ba tsawa, magana ce kawai cikin lalama. Duk da haka wadda aka ƙyale su ita suka fi sha da tafiya ta yi tafiya, wadda ake matsa musu kuwa ita suka fi kushewa. Ku kwatanta wannan da tsumagiya.

Sun kuma ga kishiyar haka: abin da aka hana yaro ƙiri-ƙiri yana gani, ya fi ɗokinsa, ranar da ya samu sai ya wuce gona da iri. Abin da bayanin yake nunawa shi ne yaro yana zuwa duniya da ma'aunin yunwa da ƙoshi a jikinsa. In kullum wani ne yake faɗa masa yaushe ya ƙoshi, sai ya daina sauraron cikinsa ya koma kallon fuskar mai ba shi. Wata masaniyar abinci, Ellyn Satter, tun shekarun 1980 ta raba aikin gida biyu: iyaye su zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro ya zaɓi ko zai ci da yawan da zai ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojinta na 2023 kan ciyar da 'yan wata 6 zuwa 23 ta sa a dinga lura da alamun yunwa da ƙoshin yaro, a ƙarfafa shi ba tare da tilas ba.

Baban_Sadik: Yaro ya zaɓi ko zai ci? To in ya zaɓi Indomie safe da rana da dare fa? A Amurka ne wannan zai yi aiki.

Ɗalibar_Halayya: Ka sake karantawa Malam. Abin da za a dafa ba hurumin yaro ba ne. In tuwo aka yi, tuwo ne a gabansa, ba za a tashi a dafa masa wani abu don ya ƙi ba. Abin da aka ce a bar masa shi ne bakinsa da cikinsa. In ya ture, a ɗauke ba faɗa, kuma ba biskit ba alewa sai lokacin ci na gaba. Ka ga ma ya ɗan yi kama da shawararka ta ɗazu, bambancin shi ne babu fushi a ciki, kuma ba wuni guda ba ne, awa biyu zuwa uku ne.

Sarkin_Zolaya: Ni dai shaida ne. Shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya uku, amma in aka yi miyar kuɓewa ɗanya a gidana fita nake in sayi shayi da burodi. Ina aji biyu a firamare Babanmu ya zaunar da ni daga magariba har bayan isha'i a kan malmala ɗaya, ta huce ta yi sanyi ƙalau, miyar tana wannan yauƙin, ya ce ba zan tashi ba sai na ga ƙasan kwano. Na gani kuwa, sau biyu ma, don na mayar da ita ciki. Matata ta ɗauka wasa nake, sai ranar da muka je gaishe da iyayenta aka kawo ita, gumi ya dinga keto min kamar wanda aka kama da kayan sata. Allah ya jiƙan Baba, da kyakkyawar niyya ya yi, amma kuɓewa ta yi asarar kwastoma har abada.

Uwar_Biyu_Zariya: Hahaha Allah ya shirye ka. Ni kuma kunun kanwa ne, ko warinsa ba na so.

Almajirin_Malam: Tunda an kawo na Turawa, bari a kawo na gida. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kawo masa naman dabbar nan ta sahara mai kama da damo ya janye hannu, ya ce ba haramun ba ce, ransa ne ba ya so, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa. Ke nan ƙin wani abinci ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Ku duba kuma yadda ya gyara wa Umar ɗan Abu Salama, yaro ne a gidansa, hannunsa yana yawo a cikin akushi. Cewa ya yi da shi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Umar ya ce haka cinsa ya kasance daga ranar. Magana uku, ba mari. Amma kuma kada a manta Hajiya uwa ce, duk gyaran da za a yi a yi shi da ladabi.

Mai_Tantama: Ina son in ɗan taka burki. @Ɗalibar_Halayya yawancin binciken da ake kawowa a wannan fanni tambayar iyaye ake yi, sai a ga gidajen da ake matsa wa yara su ne yaran suka fi damuwa. To wa ya fara? Wataƙila yaron ne tun asali mai tsoro da tsantseni, ba ya ci, uwa ta tsorata ta fara matsa masa. An yi nazarin tagwaye a Ingila, ana kiransa Gemini, masu bincike na wata jami'a a Landan sun bi yaran da aka haifa a 2007, suka fitar da rahoto a 2024 cewa fiye da rabin bambancin da ke tsakanin yara wajen tsirfar abinci gado ne. Ke nan akwai yaron da ko me uwa ta yi haka zai fito. Kada mu sa Maman Ummi ta tafi da tunanin ita ta lalata 'yarta.

Ɗalibar_Halayya: Gaskiyarka, kuma ban ce ita ta jawo tsirfar ba. Abin yana tafiya ta ɓangare biyu ne, yaro ya ƙi, uwa ta matsa, ya ƙara ƙi, ta ƙara matsawa. Gudun baƙon abinci ma mataki ne da yawancin yara suke bi tsakanin shekara 2 zuwa 6. Amma ko da gado ne, tsoron lokacin cin abinci ba gadonsa ta yi ba, koya ta yi. Wannan ɓangaren shi ne yake hannun manya.

Ɗan_Riƙo: Kowa yana maganar tilasta ci, ni kishiyarsa na gani. Bayan rasuwar mahaifiyata aka kai ni riƙo wurin wata 'yar uwar Babana ina shekara bakwai. A gidan horo ɗaya ne: in ka yi laifi babu abincin dare. Ka fasa kofi, ba tuwo. Ka dawo daga ɗiban ruwa a makare, ba tuwo. Sai in kwanta a zaure ina jin ƙarar cokula. Na koyi ɓoye ƙanzo a aljihun wando, in jiƙa shi da ruwan randa in kowa ya yi barci. Yanzu ina aiki, albashina ya ishe ni alhamdulillahi, amma har gobe akwai biskit a durowar ofis, akwai a mota, akwai a ƙarƙashin gado. In abinci ya kusa ƙarewa a gida barci ba ya zuwa min. In aka kawo abinci a taro ci nake kamar za a ƙwace, sai na gama kunya ta kama ni. Sai da na yi aure matata ta lura ta tambaye ni, ranar na fara ba wani labarin. Don haka in an ce abinci ba ya shafar tunani, ni murmushi kawai nake.

Hajjaju_Gwale: Allahu akbar. Allah ya jiƙan mahaifiyarka ɗana. Wallahi hana yaro abinci zalunci ne, gara ka dake shi ka ba shi ya ci.

Uwar_Biyu_Zariya: Hajiya gara dai a bar duka biyun.

Ɗan_Maraɗi: Salamu alaikum daga Nijar. Mu nan mun ga tamowa da idonmu a 2005, lokacin da aka buɗe cibiyoyi a Maraɗi ana ba yara wannan maƙulashen gyaɗa na cikin leda. Na yi aikin sa kai a irin wuraren daga baya. Abin da ya tsaya min a rai, yaron da tamowa ta kama sosai ba ya ma kukan yunwa. Zaune yake shiru, ido a buɗe, ka miƙa mishi abu ba ya karɓa. Ma'aikata su kan ce in ka ga ya yi murmushi to ya kama hanyar warkewa. Shi ya sa ban da abinci ake koya ma uwaye su riƙa yi ma yaro wasa da magana, ko da gwangwani ne da tsakuwa a ciki.

An yi wani aiki a Kingston ta ƙasar Jamaika, an fara a 1986, da yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu aka riƙa zuwa gida duk mako ana koya ma uwa wasa da ɗanta, wasu duka biyu, har shekara biyu. Da aka koma gare su suna shekara 17 zuwa 18, waɗanda aka yi ma wasan sun fi ƙarancin damuwa da fargaba, sun fi yarda da kansu. Madarar ita kaɗai tasirinta bai kai wannan lokaci ba. Ba cewa nike abinci ba shi da amfani ba, wanda ya ga 2005 ba ya faɗin haka. Amma hannun da ke ba da abincin da fuskar da ke bayan hannun suna cikin lissafi.

Baban_Sadik: To wannan na yarda da shi, don yunwa ce ta gaske. Amma 'yar da ake magana a kai ba tamowa gare ta ba.

Anti_Mai_Shago: Ni dabarata waya ce. In na kunna masa katun sai ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, kafin ya farga kwano ya ƙare. Ba kuka ba duka. Maman Ummi ki gwada.

Nas_Ɗakin_Yara: Anti, ya fi bulala kam, amma kin ce da bakinki "kafin ya farga". Yaron bai san ya ci ba, bai san ɗanɗanon ba, bai san lokacin da ya ƙoshi ba. Ranar da babu caji kuma kin shiga uku. Ina da maƙociya da in aka ɗauke wuta ɗanta ba ya cin abincin dare.

Anti_Mai_Shago: Wallahi kamar kin leƙo gidana, har fawa bank na saya don wannan. To maganin cin abinci fa? Akwai wani na ruwa da ake sayarwa a kemis, ƙawata ta ce ɗanta har kumatu ya yi.

Nas_Ɗakin_Yara: Don Allah kar ki ba shi sai likita ya rubuta. Da yawansu maganin ƙaiƙayi da mura ne da yake sa barci da jin yunwa, yaro ya wuni a sanɗare. Mafi muni shi ne wanda ake haɗawa da ƙwayar nan da 'yan mata suke kira sha ka fashe. Kumburi ne take sawa ba ƙiba ba, tana raunana garkuwar jiki, tana iya tsayar da tsawon yaro, kuma tana birkita barci da yanayin mutum. Mun ɗauki ƙiba a matsayin shaidar uwa ta iya raino, shi ya sa duk wannan.

Maman_Hanif: Wannan jimlar taki ta ƙarshe ita ce labarina. Bayan haihuwata ta biyu na shiga wani hali, ba barci, kuka ba dalili, ban san ma ciwo ba ne. Babban ɗana kuma siriri ne kamar babansa. Duk sunan da na je sai an ce "wai ba kya ba shi abinci ne?" Dangin miji su ɗaga hannunsa su ce ji kamar tsinke. Sai in dawo gida in huce a kansa, in cika kwano in ce sai ya cinye, yana kuka ina kuka. Da wata likita ta zaunar da ni, tambayar farko da ta yi min ita ce ni ina cin abinci kuwa, ina barci? Nan na fashe mata da kuka. Da aka yi min maganin damuwar, faɗan abincin ya ragu da kansa. Yaron har yau siriri ne, yana aji huɗu, shi ne mai tsaron gida a ƙwallon layinmu. Maman Ummi ke ma ki duba kanki, zama da suruka ana auna ki da cikin 'yarki ba ƙaramin nauyi ba ne.

Ɗalibar_Halayya: Allah ya ƙara lafiya Maman Hanif. An ga irin wannan a Rawalpindi ta Pakistan, binciken Atif Rahman ya nuna jariran iyaye mata masu ciwon damuwa sun fi fuskantar ƙarancin nauyi da gudawa. Lafiyar uwa da kwanon yaro a haɗe suke.

Ɗan_Riƙo: Kuma a tambayi iyaye maza suna ina lokacin da ake wannan yaƙin. A kai wa maigida nasa ɗaki da tsoka uku, yara a ba su romo, a ce ƙwai yana sa yaro sata. Sannan a zo ana dukan yaro don ya ƙi gayan tuwo.

Baban_Sadik: Yanzu kuma an dawo kanmu. Ni dai tare nake ci da nawa, kuma ƙwai in akwai kowa ɗaya.

Gwaggon_Yara: Na karanta duka, jikata ce take karanta min wasu don idona. Malama nas, ba zan yi miki gardama a kan aikinki ba. Da kika faɗi haka na tuna ɗan wata maƙociyarmu da ya shiɗe ana ba shi kunu, aka ce iska ce ta buge shi. Allah ne masani. Amma ku sani ba mugunta ce ta sa iyayenmu ɗura ba. Mace ɗaya ga daka, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga goyo, ga wani cikin, wa yake da lokacin bin yaro da cokali yana lallashi? Kuma sun ga yara suna mutuwa da rama, to gara ya yi kuka ya ƙoshi. Abu ɗaya da za ku koya daga gare mu: mu ba ma zaunar da yaro shi kaɗai manya biyu sun tsare shi da ido. Tire ɗaya ake zuba wa yara, su biyar su shida, wanda ba ya ci ma in ya ga ana wawaso sai ya sa hannu. Wannan 'yar ita kaɗai ce a gaban alƙalai biyu, ko ni ce ba zan iya haɗiya ba.

Ɗalibar_Halayya: Gwaggo wallahi kin faɗi abin da yake cikin littafi. Ita Birch ɗin ma ta gwada, yaro yana fara cin abin da ba ya so in ya zauna da yaran da suke cinsa. Kuma sabon abinci sai an kawo shi sau da yawa, wajen goma ko fiye, kafin wani yaron ya karɓa.

Ɗan_Riƙo: Tire ɗaya yana da kyau in akwai babba a kusa. In babu, mai sanyin hannu kullum da yunwa yake tashi, kuma ba zai faɗa ba. Ni ne shaida a nan ma.

Uwar_Biyu_Zariya: Mu koma kan mai tambaya. Matsalarta ta gaske Hajiya ce, don ko ta yarda da duk abin da aka faɗa ba za ta iya ce wa uwar miji ajiye bulalarki ba. Shawarata, kar ki ce a intanet kika gani, nan take za ki sha kashi. Ki sa Abban Ummi ya kai ku asibiti, in da hali da Hajiyar, maganar ta fito daga bakin likita. Sannan ki ba ta wani matsayi a ciki, ki ce Hajiya ke Ummi take jin maganarki, ko za ki dinga ci tare da ita kina yi mata tatsuniya. Tsofaffi ba sa son a ce sun yi kuskure, amma suna son a ce sai da su.

Nas_Ɗakin_Yara: Ƙari ɗaya. Akwai yara 'yan kaɗan da nasu ya wuce tsirfa, likitoci sun sa masa suna ARFID tun 2013. Alamarsa yaro ya taƙaita ga abinci uku ko huɗu kacal, yana ramewa, ko yana tsoron haɗiya tun bayan wata ƙwarewa da ya yi. Irin wannan ba a cewa a bar shi yunwa za ta koro shi, don ba za ta koro shi ba, sai an haɗa da ƙwararru. Shi ya sa na ce a fara da sikeli.

Maman_Ummi: Na dawo, ku yi haƙuri kwana goma sha biyu shiru. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Mun je asibiti da Abbanta, Hajiya ta ce ƙafarta na ciwo ba ta je ba. Nauyinta daidai yake da shekarunta, fitsari lafiya, jininta ne ya ɗan yi ƙasa, an ba mu magani da na tsutsa. Na bi shawarar Gwaggo, da rana ina tura ta gidan maƙociyata ta ci da yaranta uku. Ranar farko kallo kawai ta yi. Rana ta uku maƙociyar ta leƙo ta katanga ta ce min 'yarki fa ta ci ɗanwake har tana rigima a kan ƙwai. Da dare kuma ina zuba mata kaɗan, loma huɗu, in ta ture in ɗauke. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna har rawa yake don son in ce ƙara ɗaya. Shekaranjiya ta kalle ni ta ce "Mama ba za ki yi faɗa ba?" Na shiga ɗaki na yi kukana. Fitsarin kwancen bai tsaya ba tukuna, sau uku a makon nan. Hajiya kuma ta ce za mu gani, in yarinya ta rame kar a kira sunanta. Tsumagiyar tana nan a saman taga, ba ta jefar ba, amma ba ta sauko da ita ba.

Mai_Tantama: Madalla. Sai dai yanzu ba za mu san ko maganin jinin ne ya yi aiki ko ɗanwaken maƙociya ba, tunda tare aka fara.

Baban_Sadik: Ko kuma yunwa ce ta yi aikinta kamar yadda na faɗa tun farko.

Gwaggon_Yara: Ki dinga aika wa maƙociyar nan da ɗan garin rogo da wake, kar ki bar mata nauyin baki huɗu. Fitsarin kuma ki rage mata ruwa bayan magariba, ki tashe ta sau ɗaya kafin ki kwanta.

Anti_Mai_Shago: Ni nawa ba maƙota masu yara a layinmu, duk shaguna ne. Jiya na gwada ba waya, cokali biyu ya ci ya tashi. Malama nas, in ci gaba ko kwana nawa zan ba shi kafin in damu?